Kamu Ashirin na Hannun Dogo

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ja kwanana har na ga tsohon Zangon Lome na ga sabo. Ku matso, 'ya'yan Hajara, ku kashe rediyon nan tukuna. Jiya ina jinku kuna dariyar sandar awona, har ƙaramarku tana cewa da Faransanci a sa ta a murhu tunda ga tef na mita. Ban iya Faransanci ba, amma na ga inda ta nuna da baki. Kun kuma ce sayar da yadi zaman inuwa ne kawai, a miƙo kuɗi ki miƙa turmi. Ban ga laifinku ba. Kun taso kun tarar da zanen jam'iyya mai hoton shugaba, wanda ko barci kike za a tashe ki a saya, domin ranar taro ba mai fita ba shi. Wannan ai rabo kuke yi. Yau zan gaya muku inda sandar nan ta fito, da farin yadin da ke ƙasan adakata, wanda na hana almakashi kusantarsa shekara kusan arba'in.

Yadin da na fara yankawa a duniya akoko ne, kamu shida, na wata mai sayar da kifi. Lokacin ina rumfar Goggo Delu, ƙanwar mahaifina, a kasuwar da ke kusa da waf, wato doguwar gadar ƙarfen da ake sauke kayan jirgi a kanta kafin a gina wannan tashar jiragen ruwa ta wajen unguwar Adakpame. Goggo ta tafi salla, na ga ai abin ba wuya. Na auna, na sa almakashi na bi, yadi ya fita a karkace kamar tafiyar ƙaguwa. Goggo ba ta doke ni ba. Ta ba mai kifi wani, ta miƙo mini karkataccen ta ce in ɗaura. Wata uku ina yawo da zane gefe ɗaya a ƙwauri gefe ɗaya yana sharar ƙasa, duk Zango sun san abin da na yi.

Daga nan ta fara koya mini. Almakashi, in ji ta, aikinsa tsaga baki ne kawai. Ki ɗan ciji bakin yadi da shi, ki kama da hannu biyu ki yaga gaba ɗaya, zare ya san hanyarsa. Kayan aikinmu kaɗan ne: almakashin, da ƙwaryar ruwa, da ashana, da harshe. In an buɗe dila, ki murza kusurwar yadi tsakanin yatsu. In farin gari ya zubo, sitati aka ɗura masa don ya yi nauyi, wanki ɗaya zai koma rariya. Ki lasa. Ki ɗaga shi ga rana ki dubi saƙa. Ki zaro zare ɗaya ki ƙona, auduga warin takarda take yi, ta bar toka mai laushi. Mai launi kuwa ki jiƙa shi ki goga a farin ƙyalle ki ga ko yana zuba. Awo da hannu ake yi, daga gwiwar hannu zuwa kan dogon yatsa, shi ne kamu. Masu saye kuma kowa da halinsa. Matan Mina, 'yan ƙabilar bakin tekun nan, sukan zo su uku, ɗaya ta taya biyu su kushe. Bafulatani yakan tsaya rabin yini bai ce uffan ba, sai kin gaji da buɗe kaya ya nuna wanda ya zaɓa tun da safe.

Doka ɗaya ce Goggo ba ta wasa da ita. Wanda ya zo neman likkafani ba a ciniki da shi, ba a sa shi jira, ba a kuma ce masa babu. Abin da ya miƙo ki karɓa, ki ƙara masa gyara. Ta ce mu ne masu fitar wa mutum tufarsa ta ƙarshe, shi kuwa ba shi da bakin da zai ce an rage masa.

Dilar Japan ta farko a gabana aka buɗe ta. Fo Kwami, akawun kantin da muke sari, wani mutumin Mina mai tabarau, ya ce mu gwada. Goggo ta murza, gari bai zubo ba. Ta lasa, ta ɗaga ga rana, ta ƙona zare. Da ta ji kuɗinsa sai ta ce ya maimaita, ta zaci kunnenta ne. Alawayyo fari sol, mai santsi, ga araha ta ban mamaki. Ba mu san ina ne Japan ba. Wasu suka ce gaba da Makka ne, wasu suka ce can ne rana take kwana. Abin da muka sani shi ne, a shekarun nan ɗan dako ya sa sabuwar riga ranar salla, matar da ba ta taɓa mallakar zane biyu ba ta mallaka.

A kan kowane bandir akwai takarda mai hoto da aka manna. Mu da ba mu yi karatu ba, da hoton muke kiran kaya. Akwai Mai Fure. Akwai Mai Dutse, wani dutse mai farar hula. Akwai Mai Tsuntsu, wani farin tsuntsu mai dogon wuya, tsaye da ƙafa ɗaya a bakin ruwa. Mai Tsuntsu ya fi duka. Ban sake taɓa farin yadi kamarsa ba, har wannan shaddar da kuke rububi.

Turawan Ingila suka ga kasuwarsu tana mutuwa, suka taƙaita shigar yadin Japan a Gwalkwas, maƙwabciyarmu da suke mulka. Nan kuwa ƙofa a buɗe take, domin Togo amana ce aka ba Faransa bayan Jamus, ba ta da ikon rufe wa kowa. Sai ya zama kaya yana sauka Lome, yana tsallaka iyaka ta bayan kwastan zuwa Keta da Ankara, garuruwan Gwalkwas. A nan kakanku ya shigo labarin. Sunansa ba ya fita daga bakina, amma duk gari Dogo suke ce masa, don sai ya sunkuya yake shiga rumfa. Shi ke ɗaukar wa Goggo kaya, bandir huɗu a ka, ya bi bakin teku ta cikin itatuwan kwakwa. Aka yi aurenmu, aka haifi Hajara uwarku, sana'a ba ta tsaya ba.

Ana nan, ana nan, sai hotuna suka fara sakewa. Da farko Mai Jirgin Sama ya zo, muka yi ta kallo. Sai Mai Jirgin Ruwa, ba irin na kaya ba, mai bakunan igwa. Sai Mai Soja, wani saurayi da wuƙa a bakin bindiga, bayansa jar rana ta baza haske. Tsuntsu ya yi wuyar gani, fure ya ɓace. Na murza kusurwar Mai Soja, gari ya zubo mini a cinya. Goggo ta aike ni in tambayi Fo Kwami ko masaƙan ne suka mutu.

Fo Kwami ya cire tabarau ya ce masaƙa suna nan da ransu, sojoji ne suka hau kansu. Shi mai karanta jarida ne. Ya ce ƙasar tsibirai ce, mutane da yawa, ga ƙarancin auduga da ƙarfe da mai, sai sojojinsu suka ce abin da babu a gida za su ɗauko a gidan maƙwabta. Sun riga sun cinye wata ƙasa mai sanyi a arewacin Sin, sun ɗora mata sarki na hannunsu. Da taron ƙasashe ya yi musu magana, suka tashi suka fice. A gida kuma, wazirin da ya ce a bi a hankali, 'yan soja sukan bi shi har ɗaki su kashe. Yanzu sun kutsa cikin Sin sosai, birane suna ci da wuta. Na ce to mu ina ruwanmu, mu masu sayar da yadi. Ya ɗauko bandir ɗaya ya dire a gabana.

"Wannan da kike gani," in ji shi, "'yan mata kamarki ne suke saƙa shi. Kuɗin da kike kawo mini, can ƙarfe ake saye da shi. Ƙarfen kuwa ba tukunya ake yi da shi ba."

Na koma na faɗa wa Goggo. Ta daɗe tana shafa yadi, sannan ta ce mutanen da Allah ya ba hannu irin wannan, me ya kai su ga bindiga? Dogo ya yi dariya, ya ce Sin da nisa, kafin wutar ta iso Lome jikokinmu sun yi furfura. Muka ci gaba da sayar da Mai Soja, don shi ake kawowa.

Wutar ba ta jira jikoki ba. Yaƙin Turawa ya tashi, Jamus ta ci Faransa, aka rufe iyaka tsakaninmu da Gwalkwas, jirage suka daina tsayawa a waf. Ɗan dako ba shi da abin ɗauka. Dogo ya zauna wata huɗu, dogayen hannuwan nan a kan gwiwa. Sai labari ya zo cewa a Ankara Turawan Ingila suna ɗaukar soja, da Hausa ma ake ba da oda, ga abinci ga kaki. Ba wanda ya ambaci Japan, lokacin ba su kama faɗa da Ingila ba. An ce Habasha za a je a dawo.

Ana jibi zai tafi, ya je kantin Fo Kwami ya sa aka tono masa, can ƙarƙashin kaya, bandir ɗaya na Mai Tsuntsu, na ƙarshe a Lome. Ya kawo shi rumfa a kafaɗa, ya murza kusurwa a gabana don in ga shi ma ya koya. Ya ce a fitar masa da na babbar riga da 'yar ciki da wando in ajiye, ranar da ya dawo a kai wa tela, da ita zai je idi. Sauran in sayar mu ci abinci ni da yarinya. Na miƙa hannu zan auna, sai ya riƙe yadin.

"A'a, Gajera. Da wannan hannun naki ai a cibiya rigar za ta tsaya mini. Shekara nawa kina cutar bayin Allah, ba wanda ya kai ƙara?"

Goggo ta ce ya ƙyale mata 'ya, guntun hannun nan ne yake tuƙa masa tuwo. Ya auna da nasa, kamu ashirin, yana ƙirgawa da ƙarfi don masu rumfar kusa su ji. Inda ya tsaya na soka allura na ƙulla jan zare. Ban yaga ba, domin yadi ya fi ajiyuwa a jikin bandir. Na warware shi duka na sake naɗewa, nasa da hoton tsuntsun a ciki, na sayarwa a waje. Shi kuma ya ɗauko wani guntun gora, ya ɗora hannunsa a kai, ya yanke daidai kamunsa. Ya ce ga wakilinsa nan, in riƙa awo da shi har ya dawo. Ita ce sandar da kuke so ku sa a murhu. Ta fi kamuna da yatsu huɗu.

Sai muguwar shekara ta zo, ta kuma ƙi tafiya. Yadi ya ɓace daga Lome kamar ba a taɓa yinsa ba. Na ga dattijai sanye da buhu an huda masa wuya. Na ga gidan da mata uku suke karɓa-karɓa da zane ɗaya, wadda za ta fita ita ke ɗaurawa. Teloli suka koma juya tsofaffin riguna. Rumfarmu ta zama ta allura da maɓalli, daga baya ta zama ta gyaɗa. Goggo ta ce ko za mu kwana da yunwa ba za a sayar da sauran bandir ɗin ga mai rai ba, na matattu ne. Likkafaninta na kanta, wanda ta ajiye tun kafin a haife ni, shi ya fara tafiya, ta ba wata da ta rasu wajen haihuwa. Sannan aka koma kan Mai Tsuntsu. Na yaga wa tsohon ladan. Na yaga wa wata maƙwabciyarmu. Na yaga wa jarirai biyu a mako ɗaya. Kowace yaga tana matso da ni, tana matso da ni, har ranar da na warware na ga jan zare ya leƙo. Na naɗe abin da ya rage, na sa kafur, na tura shi ƙasan adaka.

A tsakanin nan ne Fo Kwami ya tare ni a hanya. Ya ce Japanawa sun auka wa ƙasashen Ingila na gabas, suna cinye su ɗaya bayan ɗaya. Daga baya muka ji an dawo da mazanmu Gwalkwas, amma kafin Dogo ya samu izinin tsallako iyaka an sake zuba su a jirgi, aka ce Bama za a kai su. Na tambayi Fo Kwami ina ne Bama. Ya ce in tuna Mai Soja, wajensa aka kai su.

Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, Malam Audu na'ibin liman ya yi sallama a ƙofar gidanmu, shi da mutum biyu. Wani Bazabarme ne ya kawo shanu daga arewa, zazzaɓi ya kama shi, ya rasu a zauren masallaci. Ba dangi, ba wanda ya san garinsu. Sun zaga kasuwa, sun zaga gidaje, ba su samu ko kamu ɗaya ba.

"Asabe," in ji Malam Audu, "an ce ke kaɗai kika rage."

Na ce, "Ya ƙare, Malam."

Bai musa ba. Ya ce Allah ya rufa asiri, suka juya. Da guntayen tsofaffin zannuwa da aka wanke, da tabarma, aka kai baƙon nan makwancinsa kafin azahar. Goggo tana zaune a bakin ɗaki, lokacin idonta ya riga ya tafi. Sai da sawunsu ya ɓace ta yi magana.

"Ido ne babu, 'yar nan. Hanci yana nan. Jiya na ji kina sake kafur."

Na ce, "Rigar mai rai ce, Goggo."

Ta ce, "To, Allah ya kawo mai ita."

Ba ta sake ta da maganar ba har ta koma ga Allah. Ita ce ƙaryar da na yi a sana'ata, kuma a kan dokar da aka fi ja mini kunne na yi ta.

Da yaƙi ya ƙare sojoji suka fara dawowa. Na fito da yadin na shanya, na je na gaya wa tela ya ware mini kwana uku. Duk ranar da aka ce mota za ta zo daga Ankara, ina iyakar Aflawo riƙe da hannun Hajara. Haka har damina ta wuce. Wata ranar Laraba da la'asar, Kofur Isa, ɗan Zangonmu da suka tafi tare, ya zo ya zauna a zaure ya cire hula. Ya ce daji ne mai duhu, ruwan sama ba ya tsayawa, tudu bayan tudu. Can ma kaya Dogo yake ɗauka a ka, akwatunan harsashi, inda mota ba ta shiga. A bakin wani kogi harsashi ya same shi, bai kai magariba ba. Suka naɗe shi a bargonsa, mutum bakwai suka yi masa salla.

Ni mai yadi ce, tambayar mai yadi na yi. Na ce bargon ya rufe shi?

Isa ya daɗe yana juya hula. Ya ce, "Bargon soja awo ɗaya ne, Asabe. Ƙafafun a waje suke. Da ganyen ayaba muka rufe su."

Na kuma tambaye shi ko ya ga Japanawan da idonsa, ko suna kama da na hoton Mai Soja. Ya ce waɗanda ya gani ramammu ne, yunwa ta cinye su, tsumma ne a jikinsu. Amma da yawansu akwai wani farin ƙyalle ɗaure a ciki, cike da ƙulle-ƙullen zare, an ce matan gidansu ne suke ƙulla musu don su dawo. Na ce wane irin zare? Ya ce ja.

Yadi ya dawo kasuwa, na koma rumfa, na aurar da uwarku da wannan sana'ar. Yau ga kayan Japanawa sun sake cika gari, babur ɗinsu, motarsu, har rediyon da na sa kuka kashe. Nakan duba kwalayen, ban ƙara ganin soja a kai ba. Tun daga ranar da Isa ya zo, duk baƙon da ya rasu a Zango ban karɓi komai a kan likkafaninsa ba, kuma duk likkafanin da ya fita daga hannuna da sandar nan na auna shi. Ban ce wannan ya biya Bazabarmen ba. Ko sunansa ban sani ba, sai dai in ce a addu'a, mai shanun nan.

Kamu ashirin ɗin suna nan. Sau biyu a shekara nake fito da su in shanya a inuwa, domin iskar teku tana kawo funfuna, rana kuma tana cin zare. Da aka rushe tsohon Zango aka kwaso mu nan bayan gari, na ƙi a sa adakar a mota da sauran kaya, a cinyata ta zo. Yadin ya ɗan yi ruwan madara, amma ku murza kusurwa ku gani, har yau gari ba ya zubowa. Hoton ne ya koɗe, sai wuyan tsuntsun da ƙafar nan ɗaya ake gani.

To, ga aikin da zan bar muku, ku masu cewa ba wuya. Ranar da tawa ta zo, kada wanda ya je kasuwa. Mace ƙyalle biyar ake yi mata, kamu ashirin na Dogo za su isa. Ku ciji baki da almakashi, ku yaga da hannu biyu, gaba ɗaya. Ƙananan guda huɗu ku auna yadda kuka ga dama, ko da tef ɗinku ne. Amma babban na waje, da sandar za ku auna shi. Tsawon mutum kamu huɗu ne na hannunsa, ku ƙara ɗaya na ɗauri. Zai fi ni tsawo sosai, masu wanka za su ce a rage. Kada ku yarda. Ku naɗe rarar a wajen ƙafafu, ku rufe su da kyau.